Ranar da Injiniya Ya Saita Injin Yaya

Babu wanda ya raɗa masa suna Injiniya, shi ya raɗa wa kansa. Ya sayo jan fenti, ya taka benci, ya rubuta sunan da manyan haruffa a saman ƙofar shagonsa, kuma daga ranar duk wanda ya kira shi mai gyaran rediyo sai ya yi kamar da bango ake magana. A faɗi gaskiya, rediyo kam ya iya. Zai kanga kunne a jikin akwati, ya lumshe ido, ya dinga murza ɗan siririn sukundirebansa a hankali har shuuu ɗin nan ta ɓace, murya ta fito tar. Inda aka samu matsala shi ne, daga nan ya yanke wa kansa hukunci cewa duk wani abu mai ƙara a duniya ƙanen rediyo ne, kuma kunnensa ya isa ya ladabtar da shi.

"Inji magana yake yi," haka yakan gaya wa masu zama a bencinsa. "Ku ƙara kuke ji, ni kuwa ina jin abin da yake faɗa."

Mutum ɗaya ne wannan cika bakin bai taɓa burge shi ba, wato wan matarsa, wanda kowa a gidan yake kira Yaya. Yaya mai yankan itace ne, dogo, mai tsadar magana. Shekara goma sha biyu Injiniya yana auren ƙanwarsa, amma ko da kuskure Yaya bai taɓa kiran sa Injiniya ba. "Mai rediyo" yake ce masa, a gaban kowa kuma. Abin nan yana ci wa Injiniya rai ƙwarai, ya daɗe yana neman ranar da zai nuna wa Yaya ko shi wane ne.

Ran nan aka tafka ruwa da iska, gari ya waye tsohuwar bishiyar mangwaron da ke bakin layi ta kwanta a tsakiyar hanya, ta tokare daga katanga zuwa katanga. Mai ƙafa sai ya sunkuya ta ƙarƙashi ko ya haura ta sama. Motar Tsohon Direba, wanda ya yi ritaya amma bai yarda ya rabu da sitiyari ba, ta maƙale a cikin layi. Shagon Tela kuwa ya ɓuya a bayan ganye, rabin ƙofar kawai ake gani.

Aka aika wa Yaya, ya zo da injin yankan itacensa a kafaɗa. Shekara ashirin yana sara da gatari kafin ya mallaki injin nan, har kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka. Da shi yake ciyar da mutum tara. In ya tashi daga aiki sai ya goge injin tas da tsumma kafin ya wanke nasa hannun.

Ya ajiye shi a ƙasa, ya taka, ya fizgi igiya. Inji ya tashi. Yana matsa totur sai ya yi tari ya mutu. Ya sake, haka. Ya sake na uku, haka dai.

"Kafireto ne," in ji Yaya. "Saitinsa ya goce. Bari in je in ɗauko bakanikena."

Injiniya ya ratso mutane yana gyara zaman tabarau. "Yaya, ai ba sai ka wahalar da kanka ba. Tun daga ƙofar shago na ji abin da ke damunsa."

Yaya ya dube shi daga sama har ƙasa. "Mai rediyo, ina kwana."

Sai ya juya ya miƙa wa ƙanwarsa injin, wadda ta leƙo gaishe shi. "Ajiye min wannan. Kada kowa ya taɓa." Ya ce kowa, amma mutum ɗaya yake kallo. Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, Yaya ya sunkuya ta ƙarƙashin bishiya ya tafi. Garejin bakaniken nasa yana can ɗaya ƙarshen gari, zuwa da dawowa sai an ci awa biyu ko uku.

Injiniya ya bi matarsa cikin gida.

"Ina kika sa shi?"

"Inda ba za ka gani ba."

"Dubawa kawai zan yi."

"Haka ka ce a kan keken ɗinkina."

"To ba ya ɗinki ne?"

"Yana yi. Da baya."

"Wannan laifin kamfani ne."

Ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta, ta sassauta murya. "Baban yara, ka dubi girman Allah. Injin nan shi ne tukunyar gidan Yaya. In wani abu ya same shi a gidan nan, ba ni da fuskar da zan dube shi da ita."

Ya ce ya ji, har da gyaɗa kai. Ya zauna a kan turmi kamar mutumin kirki, har ta ɗauki bokiti ta shiga wanka. Warin fetur ne ya tona asirin maɓoyar: bayan duron ruwa, an lulluɓe da tsohon zane. Kafin ta gama cuɗa ƙafa ɗaya, Injiniya ya fita da injin waje, ya baje kayan aikinsa a kan tabarma a ƙofar shago, layi duk ya taru a kansa.

"Ku matso ku ƙaru," in ji shi. "Shi kafireto ɗan akwati ne da ke gauraya fetur da iska kafin inji ya sha. Kun ga ramukan nan uku a gefe? Kowanne da sukuru a ciki. Da su ake saita shi. Rediyo ma haka take, sai dai ita ta fi wuya, don ita har da harsunan waje take yi."

"Wanne ne na mene ne?" in ji Tsohon Direba, yana dogare da sandarsa.

"Baba, wannan sirrin sana'a ne."

"Wato ba ka sani ba."

Injiniya ya taka injin kamar yadda ya ga Yaya ya yi, ya fizgi igiya. Shiru. Ya fizga, ya fizga, ya fizga, har hularsa ta faɗi, gumi ya karyo masa. A fizga ta ashirin da wani abu gwiwar hannunsa ta sami Tela a ciki, Tela ya durƙusa yana neman numfashi.

"Wancan jan maɓallin," in ji Tsohon Direba, "a kashe yake ko a kunne?"

Injiniya ya kalli maɓallin. Ya tura shi da babban yatsa a sace.

"Igiyar nake gwadawa tukuna. Igiya lafiya lau take."

Fizga ɗaya inji ya tashi, daidai lokacin da matarsa ta fito da ɗankwali a karkace. Ta buɗe baki za ta yi magana, ƙara ta danne ta. Injiniya ya yi kamar bai gan ta ba. Ya tsuguna, ya zura sukundireba a ramin da ya fi kusa da hannunsa, ya kanga kunne, ya lumshe ido, ya murza. Ƙara ta ɗagu. Ya ji daɗi, ya ƙara murzawa.

Da idonsa a buɗe yake, da ya ga abin da kowa ya gani. Ramin da ya taɓa na silo ne, wanda ke riƙe inji yana tafiya a hankali in ba a matsa totur ba, ya kuwa ɗaga shi har sarƙa ta fara gudu da kanta. Inji ya shiga karkarwa a kan ƙasa, ya juya hanci, haƙoran suka cafki tabarma suka yaga, sai ya yi tsalle ya nufi bencin da dattawa uku ke zaune. Kowa ya yi ta kansa. Mai aski ya fito da gudu da reza a hannu, wanda ake yi wa askin yana biye da shi da rabin kai. Inji ya kama ƙafar benci ya gutsure, benci ya kife, dattawa suka zube a kan juna suna salati. Tsohon Direba ne ya miƙa sandarsa daga nesa ya zunguri jan maɓallin, abin ya yi shiru.

Injiniya ya sauko daga kan tagar shagonsa, inda shi kansa bai san lokacin da ya hau ba. Ya kakkaɓe riga.

"Kun ga ƙarfi ko? Ɗazu a hannun Yaya ko tashi ba ya yi. Yanzu har tafiya yake."

"Mayar da shi ciki," in ji matarsa. "Tun ana iya ɓoye abin da ka yi."

"Tabarma da ƙafar benci za ki ɓoye, ko kuwa shaidu arba'in? Koma gida, ana aikin maza."

Da mutanen layi sun goya mata baya, da nan maganar ta ƙare. To amma Tela yana da ɗinkin da zai bayar da yamma, mai aski yana son a buɗe hanya, kowa kuma, in za a faɗi gaskiya, yana son ganin abin da zai biyo baya. Aka dai ja da baya sosai, aka bar wa Injiniya fili mai faɗi.

Ya mayar da sukurun silo baya. Sai ya koma kan sauran biyun, na sama da na ƙasa, ya yi ta kwance su, wannan juyi uku, wancan huɗu, wai don inji ya sha ya ƙoshi. Da ya tayar da shi, sai salansar injin ta fara aman hayaƙi, shuɗi mai kauri, mai maiƙo, ya cika layin har ba ka ganin na kusa da kai. Aka shiga tari. Dama Tela ya fito da aikinsa waje saboda duhun da ganye ya yi wa shagon, ya rataya fararen riguna shida na ma'aikatan wani asibiti a kan reshe. Ko da hayaƙi ya lafa, rigunan sun yi ɗigo-ɗigon baƙin mai tun daga wuya har ƙasa.

Tela ya ɗaga ɗaya da hannu biyu. "Me zan ce wa masu kayan nan?"

"Ka ce sabon yayi ne."

"Ni za ka yi wa ba'a? Ka buge ni a ciki ban ce komai ba."

"Wa ya ce ka tsaya a bayan mai aiki? Kuma ka gode min, sauron layin nan ya ƙaura."

Sai da aka riƙe Tela. Tsohon Direba ya matso, ya sunkuya ya leƙa ramukan.

"Yaro, juyi nawa ka yi wa kowanne?"

"Me ya sa?"

"Masu wannan aiki ƙirgawa suke yi. In sun ɓata, sai su koma inda suka taso."

"Baba, ba a ƙirga wa rediyo. Saurare ake yi."

"Ai wannan ba rediyo ba ce."

"Duk kanwar ja ce."

Don ya nuna bai damu ba, sai ya ƙara wa sukurun sama wani juyin. Sukurun ya ƙare, ya zamo waje, ɗan sifirin, wato murɗaɗɗiyar wayar da ke danne da shi, ya yi tsalle, ya ƙyalla a rana sau ɗaya ya ɓace.

Nan fa ido ya buɗe. Injiniya ya sha jinin jikinsa, domin ko shi ya san ba a mayar wa mutum inji da rami a buɗe. Ya durƙusa yana laluben ƙasa. Mai aski ya durƙusa, mai rabin kai ya durƙusa, dattawan benci suka durƙusa. Aka kawo rariya aka tankaɗe yashin ƙofar shago, aka zazzage takalman jama'a, aka leƙa kwata. Wata mata ta rantse ta ga kazarta ta haɗiye wani abu mai sheƙi, aka bi kaza har gida uku kafin aka gane murfin kwalba ta tsattsaga. Rabin awa ana abu ɗaya.

Tela ne, da idonsa na zura zare a allura, ya lura da wani abu. Tunda aka fara neman nan, kowa ya motsa ban da mutum ɗaya. Matar Injiniya tana tsaye a bakin ƙofa, ta harɗe hannu, tana kallon sama, ƙafarta ta hagu kuwa kamar an dasa ta.

"Uwargida," in ji Tela, "ɗan ɗaga ƙafar nan."

"Ciwo take min."

"Ɗaga dai."

"Tela, ba rigunanka aka ɓata yanzu ba? Kai ma so kake ya ci gaba?"

"Riguna sun riga sun tafi. Ko shagon a buɗe min."

Ta dube shi, ta dubi mijinta da ke durƙushe yashi har gira. Ta ɗaga ƙafar a hankali. Ga sifirin nan kwance a sawun silifas ɗinta.

"A gidana ake min zagon ƙasa," in ji Injiniya.

"Gidan Yaya nake tsarewa," in ji ta, idonta ya kawo ruwa.

Injiniya ya mayar da sifirin da sukuru. Tsohon Direba ya tsaya a kansa, ya yi magana ƙasa-ƙasa don kada a ji. "Na taɓa ganin ana yi. Mayar da su duka biyun ciki har su zauna, ban da ƙarfi. Sannan ka dawo da kowanne baya juyi ɗaya, na ƙasan ka ƙara masa kaɗan."

"Abin da nake shirin yi ke nan," in ji Injiniya da ƙarfi, don a ji.

Ya yi hakan. Ya fizgi igiya. Wani ikon Allah, inji ya tashi lafiya lau, yana bugawa a natse, sarƙa tsaye cik. Ya matsa totur, maimakon tari sai ya amsa da ruri mai kauri. Injiniya ya ɗaga shi da ƙyar, ya ɗora a kan reshen da ya rufe shagon Tela, reshe ya faɗi kamar an yanka sabulu. Ya yanke na biyu, ya yanke na uku. Ƙofar Tela ta bayyana gaba ɗaya. Layi ya kaure da tafi, har dattawan benci suka yafe masa. Mai aski ya ɗaga murya ya ce, "Injiniya ke nan," kuma a karon farko babu ba'a a ciki.

Matarsa ta matso, ta dafa ƙirji. "Haka yake yi a hannun Yaya. Wallahi haka yake yi. Kashe shi haka, Baban yara, ka ci nasara."

"Cire hannunka," in ji Tsohon Direba. "Allah ya rufa maka asiri."

Ya kamata ya ji. Har ya kai yatsa kan jan maɓallin. Sai ya ce bari ya matsa totur sau ɗaya na ban kwana, kuma a nan ne kunnen nan nasa ya kama wani abu. A can ƙarshen rurin, in inji ya kai maƙura ba a kan itace ba, akwai wata 'yar gargada, wani burr-burr kamar mai kurkure baki.

Duk mai yankan itace ya san wannan gargadar, kuma da gangan ake barin ta. Ita ce shaidar inji yana samun isasshen fetur, a cikin fetur ɗin kuwa ake zuba man da ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Da an ɗora shi a kan itace gargadar takan ɓace da kanta. Amma Injiniya shekara ashirin ya yi yana farautar irin wannan ƙara a cikin akwatunan mutane. A wurinsa ma'anarta ɗaya ce: tasha ba ta kama sosai ba. Ya hango kansa yana miƙa wa Yaya injin da ya fi yadda ya saye shi, ya hango Yaya yana rasa abin cewa. Zuciyarsa ta yi fari.

"Akwai sauran shuu a ciki," in ji shi.

"Wane shuu?" in ji matarsa.

"Ke ba za ki ji ba."

Ya zura sukundireba a ramin sama, ya danne totur, ya lumshe ido, ya fara ɗaure sukurun a hankali. A nan kam gwaninta ce, babu mai musu. Gargada ta ragu, ta ragu, ta ɓace. Ƙara ta tashi siririya, tsaf, mai tsini, tana hawa har mutane suka toshe kunne, karnukan layi suka ɗauki haushi.

"Ka shaƙe shi," Tsohon Direba ya faɗa a kunnensa. "Kuka yake yi."

"Waƙa yake yi, Baba. Yanzu tasha ta kama."

Ya wuce rassa, ya nufi ainihin gindin bishiyar, inda mutum biyu ba za su iya rungume shi ba. Ya gyara tsayuwa yadda kowa zai gan shi, ya danne totur har ƙarshe, ya kafa. Garin katako ya yi ta feshi, yana zuba masa a ka da kafaɗa. Minti ɗaya, minti biyu, uku, Injiniya bai taɓa jin daɗin duniya irin na wannan lokacin ba. Dogon ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a jikinsa ya nutse cikin itace har rabi. Sai wani wari ya taso, irin na tukunyar da aka manta a kan wuta. Ƙarar ta yi wani siririn ihu, ta ce ƙit, ta ɗauke.

Injiniya ya yi murmushi ga jama'a, ya kama igiya ya ja. Ko motsi. Ya sa hannu biyu, ya tokare ƙafa a jikin bishiya. Igiya ta ƙi. Ya ce bari ya zaro injin ya duba, ashe gindin ya sauko ya matse ƙarfen tamau, inji ya tsaya a soke a cikin itace, hayaƙi yana fita ta haƙarƙarinsa.

A daidai nan aka ga abin da ba a taɓa gani ba a layin: Yaya yana gudu. Tun daga babban titi suka jiyo ihun, bakaniken da ya goyo shi a babur ya ce, "Wa ke kashe inji a unguwar nan?" Yaya bai jira babur ya tsaya ba. Ya haura bishiyar, ya diro, ya tsaya yana haki a gaban injinsa.

"Hutawa yake yi, Yaya," in ji Injiniya. "Ya yi aiki sosai. Tambayi kowa."

Babu wanda aka tambaya. Bakanike, wani gajere mai baƙin mai har gwiwar hannu, ya taɓa jikin injin ya janye yatsa da sauri. Ya jira ya ɗan huce, ya kwance fulogi, ya ɗaga shi sama. Bakin fulogin fari fat kamar alli. Ya kwance salansa, ya leƙa ciki da ido ɗaya, ya daɗe yana leƙawa.

"Wa ya saita wannan?"

Yatsu wajen talatin suka nuna wuri ɗaya.

"Da kunne na yi," in ji Injiniya, muryar ta ɗan yi ƙasa. "Akwai gargada a sama, na cire ta."

"Ka cire ta." Bakanike ya gyaɗa kai. "Ka iya cirewa kuwa. Ka hana shi mai, ka sa shi gudun da ya fi ƙarfinsa, fistin ya narke ya manne da silinda. Inji ya buga."

"Zai gyaru?" matar Injiniya ta tambaya.

"Sai an sake su duka biyun. Irin nasa kuma babu a gari, sai an aiko. Sati uku, in an yi sa'a."

Tsohon Direba ya yi gyaran murya. "Da farko fa, me ke damunsa?"

Bakanike ya nuna ramin ƙasa da farcensa. "Wannan. Kwatan juyi, baya. Da ko daga kan babur ba sai na sauko ba."

Wani ya fara dariya a baya, ya ga babu mai taya shi, ya mayar da ita tari. Yaya ya zauna a kan gindin bishiyar kusa da injin, ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin, ya share garin katakon da ke kai da babban yatsa. Ƙanwarsa ta juya fuska ga bango tana goge ido da bakin ɗankwali. Injiniya ya so a ce Yaya ya tashi ya zage shi, ko ya kwaɗa masa mari a gaban jama'a, da ya fi masa sauƙi. Ya nemi wata magana a cikin dukan maganganunsa, bai sami ko ɗaya mai amfani ba. Kunya ta rufe shi, ta gaske.

"Yaya," in ji shi, "ka yi haƙuri." Bai ƙara komai a kai ba.

Da Yaya ya ɗago, ba Injiniya ya kalla ba, mai aski ya kalla. "Kafintan bayan layin nan yana da dogon zarto, mai mariƙi biyu. Ce masa ina aro."

Aka kawo zarton, tsawonsa ya kai tsayin mutum, ya yi tsatsa a gefe. Yaya ya gwada haƙoran da yatsa, ya ɗora shi a kan gindin, taki ɗaya daga inda injin ya maƙale. Ya kama mariƙi ɗaya. Ɗaya mariƙin yana lilo a wancan gefen.

"Wuri huɗu na yi wa alkawarin aiki a satin nan," in ji shi. "Sati mai zuwa biyar. Yarana ba za su jira kayan gyara ba. Zagaya can ka kama."

"Ni? Yaya, shagona fa?"

"Rufe shi."

Injiniya ya dubi matarsa. Ta shiga shagon da kanta, ta kashe fitila, ta jawo ƙofa ta datse kwaɗo, ta jefa makullin a jakarta. Ya cire tabarau, ya naɗe hannun riga, ya zagaya ya kama. Jama'a suka gyara zama, aka tallafe bencin nan mai ƙafa uku da bulo, Tela ya jawo kujerarsa gaba-gaba.

Ja goma aka yi numfashinsa ya fara fita da ƙara. A ja na talatin bayansa ya riƙe, zarto ya lanƙwashe a tsakiya ya tsaya.

"Yaya, ina ganin da za a ɗan karkata haƙoran nan, sai ya fi..."

"Turawa kake yi. Ba a turawa. In na ja ka saki, in na saki ka ja."

"Cewa na yi, in da za a..."

"Kada ka gyara komai. Ja."

Ya ja. Rana ta karkata, inuwar katanga ta rufe layin, masu kallo suka fara tafiya ɗaya-ɗaya, su kuwa ko rabin yankan farko ba su kai ba. Da Yaya ya ce a tsaya, sai da Injiniya ya ɓamɓare yatsunsa daga mariƙin da ɗaya hannun. Tafinsa ya yi ja, ya tashi ƙuraje huɗu masu ruwa. Yaya ya kamo hannun ya juya shi, ya duba, ya sake shi.

"Gobe ƙarfe shida," in ji shi. "Ka naɗo tsumma. Kafin azahar za su fashe."